Tsadar Zama Ado: Nazarin Rayuwar Lily Bart a Littafin The House of Mirth

Gabatarwa

Hausawa kan ce mata adon gari. Magana ce ta yabo, kuma da niyyar yabo ake faɗinta. Sai dai duk wanda ya taɓa mallakar kayan ado ya san yadda ake yi da shi: a goge shi, a nuna wa baƙi, ran da ya dusashe kuwa a jefa shi ƙuryar ɗaki a ɗora wani a gurbinsa. To, yaya rayuwar mutum za ta kasance idan tun yana ƙarami aka rene shi don ya zama ado kawai, ba a koya masa wata sana'a ba sai ta burge masu kallo? A kan wannan tambaya ce marubuciyar Amurka Edith Wharton ta gina littafinta The House of Mirth, wato Gidan Shagali, wanda ya fito a 1905.

Tauraruwar littafin, Lily Bart, kyakkyawar budurwa ce da ke yawo cikin attajiran birnin Niyok. Da ita ake kowace liyafa, a gidajensu take kwana, a jiragen ruwansu take shaƙatawa, amma ba ta da dukiyar kanta. Mai hange daga nesa zai yi sha'awar rayuwarta, alhali kallon kitse yake yi wa rogo. Wannan nazari zai nuna cewa Wharton ta ɗauki zaman 'yar ƙwalisa cikin masu kuɗi a matsayin aikin ƙwadago da ba a biyan ladansa, ta kuma ɗauki abotar masu kuɗi a matsayin littafin bashi da ake rubuta kowace kyauta a ciki. Daga nan za a duba wanda ya fi ɗaukar alhakin faɗuwar Lily, da wuraren da marubuciyar ta yi tuntuɓe.

Marubuciyar da Zamaninta

An haifi Edith Newbold Jones a Niyok a 1862, a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen arziki na birnin. Ta auri Edward Wharton a 1885, auren ya mutu a 1913, ta ƙarasa rayuwarta a Faransa inda ta rasu a 1937. A 1921 ta zama mace ta farko da ta ci kyautar Pulitzer ta ƙagaggen labari, da littafinta The Age of Innocence. Abin lura a nan shi ne, 'yar gida ce. Mutanen da ta zana ba ta leƙo su ta taga ba, da su ta ci abinci, ta san abin da ake faɗi a gaban baƙo da abin da ake faɗi bayan ya tashi.

Zamanin da ta rubuta a kansa shi ne ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da layin dogo da man fetur da ƙarfe da kasuwar hannun jari suka haifar da sababbin attajirai masu dukiyar da ba a taɓa ganin irinta ba a Amurka. Tsofaffin gidaje suka yi ƙoƙarin rufe ƙofa, har aka riƙa cewa mutum 400 ne kacal suka isa shiga taron Uwargida Astor, sababbin kuwa suka yi ta ƙwanƙwasawa da kuɗi. A 1895 aka aurar da Consuelo Vanderbilt, tana da shekara 18, ga wani basaraken Ingila mai sarautar Marlborough, bisa matsin mahaifiyarta, aka haɗa masa da hannun jarin layin dogo na dala miliyan biyu da rabi. Auren bai yi daɗi ba, daga baya ya mutu. A 1899 kuma masanin tattalin arziki Thorstein Veblen ya fitar da nazarinsa kan masu zaman hutu, inda ya yi bayanin cewa attajiri na kashe kuɗi ne don a gani, kuma matarsa da suturarta suna cikin hanyoyin da yake tallata arzikinsa. Abin da Veblen ya faɗa da harshen masana, shi Wharton ta sa wa jini da tsoka.

An fara buga labarin kashi-kashi a mujallar Scribner's cikin 1905, sannan ya fito a matsayin littafi a watan Oktoba na shekarar, ya kuma samu kasuwa ƙwarai. Sunansa an ciro shi ne daga littafin Mai Wa'azi na Baibul, sura 7 aya 4, inda aka danganta gidan shagali da wawaye. Tun daga bango, ke nan, marubuciyar ta yanke hukunci.

Labarin a Taƙaice

Lily na da shekara 29, ta kwashe shekara 11 tana zagaya bukukuwa ba ta yi aure ba. Mahaifinta ya karye tana 'yar shekara 19, ya rasu, mahaifiyarta ta bi shi bayan ta cusa mata cewa kyawun fuskarta ne jarin da zai dawo da abin da suka rasa. Tana zaune a hannun gwaggonta, Uwargida Peniston, mai ba ta kuɗin sutura in ta ga dama.

Labarin ya buɗe a tashar jirgin ƙasa ta Grand Central, inda ta gamu da wani lauya, Lawrence Selden, ta bi shi ɗakinsa shan shayi. Tana fitowa ta yi kiciɓis da Simon Rosedale, sabon attajiri mai ginin, ta yi masa ƙaryar cewa wurin telarta ta zo. Daga nan ta wuce Bellomont, gidan hutun Gus Trenor da matarsa Judy, da niyyar kama Percy Gryce, saurayi mai tarin dukiya da ƙarancin armashi. Saura ƙiris ta yi nasara, sai ta ƙi zuwa coci ranar Lahadi ta tafi yawo da Selden, Bertha Dorset kuwa ta kai wa Gryce tsegumin cewa tana caca, ya gudu ya auri wata.

Bashi ya ishe ta, Gus Trenor ya ce zai juya mata 'yan kuɗinta a kasuwar hannun jari. Ya riƙa miƙo mata kuɗi har suka kai dala 9,000, daga baya ta gane daga aljihunsa suke fitowa, kuma yana jiran sakayya. Ta tsere masa da ƙyar wani dare da ya yaudare ta zuwa gidansa matarsa ba ta nan. Bertha ta gayyace ta yawon Bahar Rum a jirgin ruwansu don ta ɗauke hankalin mijinta George yayin da ita take sha'aninta da wani saurayi. Da asiri ya tashi tonuwa, sai Bertha ta juya laifin kan Lily, ta kore ta daga jirgin a gaban jama'a a Monte Kalo. Gwaggo ta rasu ta bar yawancin dukiyarta ga wata 'yar'uwa, Grace Stepney, ta bar wa Lily dala 10,000 kawai. Daga nan sai gangara: rakiyar waɗanda ba su kai tsofaffin ƙawayenta daraja ba, sakatariyar wata bazawara a otal, ɗinkin hulunan mata, sallama daga aiki, ɗakin haya. A daren da kuɗin gadon suka iso ta rubuta wa Trenor cekin bashinsa, ta sha maganin barci fiye da ƙima, ba ta farka ba. Duk wannan cikin ƙasa da shekara biyu.

Ƙwadagon da Ba a Biya

Babbar gwanintar Wharton ita ce yadda ta nuna cewa abin da ake kira hutu, ga irin su Lily, aiki ne tuƙuru. A Bellomont, da sassafe Judy Trenor ta aika a kira ta don ta zauna ta rubuta mata wasiƙu da katunan gayyata, saboda sakatariyarta ba ta nan. Ba a roƙi sauran baƙi ba, domin su suna da gidajen da za su rama gayyata. Lily ba ta da abin ramawa sai hidimarta. Ita ce mai zama kusa da mijin da ya gunduri matarsa, ita ce mai sauraron labarin da kowa ya gaji da ji, ita ce mai cike gurbi a teburin karta.

Teburin kartar nan ya cancanci a tsaya a kansa. Lily ta daɗe tana guje wa caca don ta san ba ta da ƙarfinta, amma ta fahimci cewa zama a teburin wani haraji ne da masu masauki ke karɓa daga baƙin da suka daɗe. A dare ɗaya ta yi asarar dala 300, ta koma ɗaki ta ƙirga abin da ya rage mata, dala 20. Waɗanda suka kwashe kuɗin kuwa su ne Judy da Bertha, matan da asarar dubu ba za ta hana su barci ba. A nan marubuciyar ta juya abin da kowa ke zato. Ana ganin talakan da ke bin masu kuɗi ci yake yi a jikinsu, ita kuwa ta nuna cewa shi ake ci. Sutura sabuwa a kowane taro, tukuici ga barorin gidan da aka sauka, kuɗin mota, furanni, karta, duk daga aljihun wanda ba shi da shi suke fita. A kan waɗannan kuma akwai harajin da ya fi nauyi, wato fara'a ta dole. Matar attajiri tana iya wayar gari da ɓacin rai ta ɗaure fuska, Lily ba ta da wannan 'yanci.

Wurin da wannan jigo ya kai ƙololuwa shi ne liyafar gidan Wellington Bry, sababbin masu kuɗi da suka shirya wasan da mata ke tsayawa cik a kan dandamali suna kwaikwayon shahararrun zane-zane. Lily ta fito a siffar hoton Uwargida Lloyd na Joshua Reynolds, mai zanen Ingila na ƙarni na 18, cikin sutura marar tarkace da ta bayyana ƙirarta. Zauren ya ɗauki sowa. Selden ya ga kamar a ranar ya ga Lily ta haƙiƙa, wasu mazan kuwa suka shiga tauna batun jikinta kamar masu taya haja. Abin takaicin shi ne, ranar da ta fi kowace rana ɗaukaka ita ce ranar da ta zama hoto, ba motsi, ba magana. Wharton ba ta buƙaci yin wa'azi ba, ta tsayar da mace a cikin katakon hoto ta bar mai karatu ya gane sauran.

Abota ko Littafin Bashi

Kowa ya ci ladan kuturu, in ji masu iya magana, sai ya yi masa aski. Wannan ita ce dokar da Gus Trenor ya tsaya a kai, kuma ita ce dokar dukan gidan shagalin. Babu kyauta a cikinsa. Bambancin Trenor da sauran shi ne, shi ya fito fili ya nemi a biya shi, sauran kuwa sun iya lulluɓe ciniki da murmushi. Wani zai ce Lily ta san kuɗin nasa ne tun farko. Littafin ya fi nuna cewa ta ƙi tambaya ne don kada ta ji amsar, wannan kuwa laifi ne, ko da bai kai wanda aka jingina mata ba.

Dubi Judy Trenor, wadda Lily ke ɗauka aminiya. Ba ta damu da mijinta ya yi hira da kowace mace ba, amma ran da ta ji kuɗinsa sun shiga hannun Lily, sai ta shafe ta daga rayuwarta. Dubi Jack Stepney, ɗan'uwanta na jini, wanda a daren Monte Kalo ya yarda ta kwana a masaukinsa bisa sharaɗin ta ɓace da jirgin safe kafin matarsa ta tashi. Dubi Grace Stepney, wadda ta kai tsegumi wurin gwaggo, ta gaji dukiyar, sannan ta ƙi ba Lily ko rance. Dukan waɗanda suka ga abin da ya faru a jirgin ruwa sun san Bertha ce mai laifi, amma suka bi bayanta. Lily da kanta ta gane dalili, kuma shi ne ginshiƙin littafin: a cikin irin wannan jama'a, gaskiyar magana tana wurin wanda ya fi amfani a zauna lafiya da shi. Bertha na da gida da jirgi da dukiyar miji, Lily na da gaskiya kawai.

Wannan ba ƙagen marubuciya ba ne kurum. A Niyok ta wancan lokaci akwai jaridar tsegumi mai suna Town Topics, wadda mai ita, Kanar William d'Alton Mann, ya shahara da karɓar kuɗi daga attajirai don ya rufe bakinsa. Suna ya zama haja, mai kuɗi na iya fansar nasa, marar kuɗi kuwa sai yadda aka yi da shi. Shekaru 70 bayan fitowar littafin, marubuci Truman Capote ya ɗanɗana irin wannan hukunci. Ya yi shekaru yana ɗan lelen manyan matan Niyok irin su Babe Paley da Slim Keith, har ya shirya shahararriyar liyafarsa a otal ɗin Plaza a 1966. Da ya buga wani babi mai tona asirinsu a mujallar Esquire a 1975, sai ƙofofi suka rufe masa. Shi ya yi amfani da asirin da ke hannunsa, Lily ta ƙi amfani da nata, amma makomarsu ɗaya, domin kujerar baƙo a teburin attajirai aro ce.

Selden: Alhakin Ɗan Kallo

Mai karatu na farko zai ɗora laifi kan Bertha ko Trenor. Wanda ya sake karantawa zai fi jin haushin Selden. Shi ne mutumin kirki na labarin, mai ilimi, mai karance-karance, wanda a tsaunin Bellomont ya yi wa Lily huɗubar cewa nasara ta gaskiya ita ce mutum ya 'yantar da ransa daga kuɗi da talauci da duk wata damuwar abin duniya. Magana ce mai daɗi, amma a dubi mai faɗinta. Namiji ne, yana da sana'a, yana da ɗakin kansa da littattafansa, yana cin abincin attajirai da dare ya kushe su da safe. An san ya taɓa hulɗa da Bertha, matar aure, kuma hakan bai rage masa komai ba. Lily kuwa shan shayi na sa'a guda a ɗakinsa ya zama mata tabo.

Abin da Selden ya yi shi ne ya sa ta ƙyamaci hanya ɗaya da take da ita, bai kuma buɗe mata wata ba. Duk lokacin da take buƙatarsa, sai ya ja da baya. Da ya hango ta tana fitowa daga gidan Trenor da tsakar dare, bai tambaye ta ba, ya yanke hukunci a ransa, ya shiga jirgi zuwa Habana ranar da take zaune tana jiransa. Da ya same ta a otal tana aiki wa Uwargida Hatch, shawara ya kawo mata cikin sanyin murya, ba taimako ba. Sai da safiyar da ta mutu ya tashi da saurinsa zai faɗa mata maganar da ya daɗe yana riƙewa. Ko a lokacin, da ya ga ambulan ɗauke da sunan Trenor a kan teburinta, zargi ne ya fara zuwa masa. Wharton ta faɗi babin ƙarshe ta idon Selden, inda yake lallashin kansa cewa ƙaddara ce ta raba su. Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin ra'ayin marubuciyar. Ta bar shi ya wanke kansa ne don mai karatu ya ga yadda ɗan kallo ke kuɓutar da lamirinsa.

Wasiƙun da Aka Ƙona

Tun a kashin farko Wharton ta sa makami a hannun Lily. Wata mai sharar bene, Uwargida Haffen, ta tsinci wasiƙun soyayya da Bertha ta rubuta wa Selden, ta sayar wa Lily bisa zaton nata ne. Da waɗannan takardu Lily na iya durƙusar da Bertha a yini ɗaya. Rosedale ya faɗa mata ƙarara cewa zai aure ta in ta yi amfani da su ta tilasta wa Bertha ta maido ta cikin jama'a. George Dorset ma ya roƙe ta ta ba shi hujjar da zai rabu da matarsa. Ga shi ba ta da aiki, ga bashi, ga rashin barci: gaba kura, baya sayaki. Ta ɗauki wasiƙun ta nufi gidan Bertha, a hanya ta biya ta ɗakin Selden, ta jefa su a wuta ba tare da ya san me ta ƙona ba.

Akwai manazarta da ke ganin Lily ganima ce kawai ta zamaninta, wadda gado da tarbiyya suka ɗaure ba ta da zaɓi. Wannan fage ya rushe rabin wannan ra'ayi. Gaskiya ne ba a koya mata komai ba, har ta kasa jera ƙyalƙyali a kan hula yadda 'yan matan da ta taɓa yi wa sadaka suke yi. Amma a manyan mararraba guda uku ita ta zaɓa: ta saki Gryce, ta ƙudura biyan Trenor kuɗin da babu kotun da za ta tilasta mata, ta kuma ƙona wasiƙun. Matsalarta ita ce tana son jin daɗin gidan shagali, amma ba ta da taurin zuciyar da ake biyan hayarsa da shi. Carry Fisher, wadda ta ƙware wajen shigar da sababbin attajirai cikin manya ana biyanta, ta lura cewa Lily kan yi wahalar shuka, ranar girbi kuma ta yi sakaci, ta kuma yi zargin cewa a can ƙasan zuciyarta ta raina abin da take nema. Wannan rainin shi ne mutuncinta, shi ne kuma ajalinta.

Mutuwarta ma an bar ta a buɗe. Mai sayar da magani ya gargaɗe ta kan ƙara ƙima, ta kuma sani, amma abin da littafin ya nuna shi ne mace mai neman barci ko ta halin ƙaƙa. Ko ganganci ne ko niyya, Wharton ba ta yanke ba, kuma hakan ya fi ƙarfi, domin ya mai da tambayar daga abin da Lily ta yi wa kanta zuwa abin da aka yi mata.

Salo da Tsari

An kasa littafin gida biyu, na farko babi 15, na biyu babi 14, na farko hawa da tangaɗi, na biyu gangara. Wharton, wadda littafinta na farko da ya yi suna a 1897 kan tsara cikin gida ne, ta yi amfani da ɗakuna a matsayin ma'aunin daraja. Mai karatu na iya bin faɗuwar Lily ta wurin kwananta kawai: ɗakin Bellomont mai murhu da furanni, gidan gwaggo mai duhu da nauyin kaya, jirgin ruwa, ƙaramin otal, sannan ɗakin haya mai kallon bayan gidaje. Harshenta kuma cike yake da kalmomin kasuwa. Ana maganar aure da abota da kyau da kalmomin riba da asara da jari da bashi, har mai karatu ya wayi gari yana lissafi irin na mutanen labarin. Ga kuma zambo cikin aminci, wanda take yanka da shi ba tare da ɗaga murya ba.

Inda Littafin Ya Yi Rauni

Duk da wannan, akwai wuraren da adalci ya wajabta a nuna. Na farko shi ne Rosedale. Wharton ta gabatar da shi da kalaman raini irin waɗanda masu kuɗin zamaninta ke yi wa Yahudawa, tana danganta son riba da asalinsa, kuma ba kullum za a ce bakin mutanen labarin ne ba, wani lokaci bakin mai ba da labarin ne. Abin mamaki, labarin da kansa ya ƙaryata wannan raini, domin a ƙarshe Rosedale ne kaɗai cikin attajiran ya ziyarce ta a ɗakin haya, ya yi mata tayin rancen da za ta biya Trenor, ya kuma faɗa mata gaskiya ba rufa-rufa. Marubuciyar ta hango mutuntakarsa, amma ba ta iya tuɓe rigar gidansu gaba ɗaya ba.

Na biyu shi ne yawan haɗuwar ba-zata. Rosedale na bakin ƙofa daidai fitowarta, mai sharar da ta gan ta ita ce ta koma aiki gidan gwaggonta, Selden na wucewa daidai lokacin da ta fito daga gidan Trenor. Ana iya kare wannan da cewa duniyar tasu ƙarama ce, kowa idonsa na kan kowa, amma wani lokaci hannun marubuciyar na fitowa fili.

Na uku shi ne fagen Nettie Struther, matalauciyar da Lily ta taɓa biya wa kuɗin jinya, wadda ta tsince ta a dandalin Bryant ta kai ta ɗakin girkinta mai ɗumi ta miƙa mata jaririyarta. Fage ne mai taɓa zuciya, kuma yana nuna abin da Lily ta rasa, wato saiwa da gida da wanda ya yarda da ita duk da ya san tarihinta. Amma talaucin da ke cikinsa an wanke shi tas, an yi masa turare. Wharton ta san falon attajirai ciki da bai, ɗakin talaka kuwa daga bakin ƙofa ta tsaya. Haka Gerty Farish, mace ɗaya da ke rayuwa da guminta kuma ta riƙe Lily da amana, an zana ta ba armashi, kamar dai mace ba ta iya haɗa 'yanci da kwarjini.

Kammalawa

Waɗannan raunuka ba su rage wa littafin nauyinsa ba. Wharton ta ɗauki mutanen da rayuwarsu ba ta wuce sutura da liyafa da tsegumi ba, ta auna su da abin da suka lalata, sai ga wasa ya zama ta'asa. Ba wanda ya ɗaga wa Lily hannu. An daina gaishe ta ne kawai, an daina gayyatarta, an kau da kai a titi, kuma wannan ya isa. Darasin ya wuce Niyok ta 1905, domin duk inda ake rene 'ya mace da cewa fuskarta ce jarinta, duk inda ake auna aboki da abin da zai iya ramawa, akwai wata Lily da ke murmushi a hoto tana ƙirga sauran kuɗinta cikin dare. Lily ta mutu ba ta bin kowa, ba kuma mai binta ko sisi, a cikin jama'ar da kowa ke cin bashin mutuncin wani bai biya ba. Wannan ne hukuncin littafin, kuma har yau ba a ɗaukaka ƙara a kansa ba.